Kyaftin Zunnuraini da Jirgin Feshi

Ƙarfe tara da rabi na safe suka iso Magama, inda shingen iyakar Najeriya da Nijar yake, amma har sha ɗaya ta gota ba su motsa ba. Jami'in shige da fice ya leƙo ta taga ya ce wa masu jira netwok ɗin na'urarsu ya ɗauke, sai haƙuri. Zunnuraini ya koma motar Badamasi ya zauna a gidan gaba, ya bar ƙofa a buɗe don ya sami iska, jakar takardunsa a kan cinya.

Ya doshi shekara hamsin da bakwai. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa jirgin fasinja ƙirar Boeing 737, sha huɗu daga ciki yana kyaftin. Duk Jibiya ba mai kiran sunansa sai tsofaffin da suka san shi tun yana zuwa firamare. Kowa Kyaftin yake ce masa. Badamasi kuwa taubashinsa ne, ɗan kawunsa, direban haya tsakanin Jibiya da Maraɗi tun yana saurayi, kuma shi kaɗai ne ke faɗin kalmar Kyaftin da wata irin murya da za ka rasa girmamawa ce ko tsiya.

"Kyaftin, ku ma a sama kuna irin wanga jira?" in ji Badamasi, yana ɓare dafaffiyar gyaɗa yana watsa ɓawon ta taga.

"Muna yi. Wata rana sa'a biyu a bakin titi, inji na cin mai."

"To ashe ba ka yi asarar komi ba."

Zunnuraini ya kau da kai. Ya kalli jerin manyan motoci da suka miƙe har inda ido ya tsaya, direbobinsu sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi suna barci. Damina ta kusa ƙarewa, gari ya yi nauyi, gumi na bin bayansa.

Wata goma sha huɗu ke nan da aka tara su a ɗakin taro na wani otal a Ikeja. Sabon shugaban kamfaninsu, mutum mai sanyin murya, ya haska musu hoton sababbin jirage a bango. Ya ce tsofaffin sun gaji, suna shan mai, kayan gyaransu sai an sha wuya ake samu. Za a sayar da su duka, a kawo wata ƙira daban ta wani kamfani daban. Abin da ya fi ci wa Zunnuraini rai har yau shi ne mutumin bai yi ƙarya ba. Shi da kansa ya sha rubuta ƙorafi a kan jiragen nan.

Sai dai matuƙin jirgi ba kamar direban mota ba ne, da zai sauka daga wannan ya hau waccan. Kowace ƙira da shaidarta a kan lasisi, kuma ba a samun shaidar sai an yi makonni ana horo a ƙasar waje. Kamfani ya ce shi zai ɗauki nauyin horon, amma ga waɗanda ba su haura hamsin da biyar ba. Zunnuraini ya haura da wata bakwai. Ya je wurin shugaban matuƙa, wanda tare suka fara aiki, mutumin ya riƙa juya biro a hannu ya ƙi haɗa ido da shi, ya ce ba shi ya tsara ba. Sauran kamfanoni biyu da har yanzu ke amfani da irin jirginsa sun riga sun cika da kyaftin-kyaftin irinsa, kowa na neman kujera. Aka ce za a neme shi.

Gidan da yake zaune a Legas na kamfani ne, saboda haka ya kwaso iyalinsa suka dawo Jibiya, gidan da ya gina da niyyar sai ya yi ritaya zai shiga. Watannin farko in ya fita masallaci ana tambayarsa yaushe hutun zai ƙare. Daga baya aka daina tambaya, wannan kuwa ya fi zafi. Matarsa Rabi'a ta ninke fararen rigunan aikinsa ta kai ƙasan akwati. Shi kuma duk wata shida sai ya hau mota zuwa Kano likita ya duba idonsa da zuciyarsa, ya buga masa hatimi cewa lafiyarsa ƙalau, zai iya tuƙi. Ya dawo ya ajiye takardar a jaka.

Badamasi ne ya jawo maganar Maraɗi. Bana tsuntsayen jan-baki sun sauko wa gero tun daga ƙauyukan Nijar har Bugaje da Gangara, manoma na kwana biyu ba su je gona ba sai su tarar da zangarniya ta zama tsinke. Wata rana Badamasi ya ɗauko wani fasinja, Malam Zubair, mai ƙananan jiragen feshi guda biyu a Maraɗi, yana kukan yaron da ke tuƙa masa ɗaya ya gudu ya kama aiki da masu manyan jirage. Badamasi bai yi shawara da kowa ba ya ba shi lambar Kyaftin. Malam Zubair ya kira, shi ne yau suka kamo hanyar zuwa wurinsa.

"Ni fa ban ga abin ɓacin rai ba," in ji Badamasi yanzu, yana karkaɗe rigarsa. "Lokacin da Fijo ta ɓace daga hanyar nan, ni da ban san komi ba sai Fijo, mi na yi? Kwana uku na koyi wagga. Ga ni nan."

"Kai ba wanda ya tambaye ka shekarunka."

"Wa zai tambaya? Ni kaina ban sani ba."

Wayar Zunnuraini ta yi ƙara. Da ya ga sunan sai ya fita daga motar, ya koma gindin wata bishiyar bedi kusa da masu canjin sefa, inda hayaniya ta ɗan yi sauƙi. Dorcas Shawulu ce, 'yar Ƙafur, wadda ta yi shekara biyar tana zama a kujerar damansa a matsayin mataimakiya. Shi ya koya mata sauka a Jos in hazo ya rufe, shi ya sa hannu a takardun ƙarin girmanta. Sunanta na cikin rukunin farko da aka tura horo.

"Baba, ina wuni? Ya gida, ya su Mama?"

"Lafiya lau, Dorcas. Ya aiki?"

"Mun gode Allah. Baba, jiya na ci jarrabawar. An ba ni kyaftin."

Ya ji daɗin ya taso masa da gaske, har ya yi mamakin kansa. Ya yi mata barka, ya sa mata albarka, ya ce dama ya san za a yi haka. Ta yi dariya, ta ce duk lokacin da mai jarrabawar ya kashe mata inji ɗaya a na'urar gwaji, muryarsa take ji yana cewa ta fara tuƙa jirgin tukuna kafin ta nemi abin da ya lalace. Sai ta ƙara da cewa:

"Akwai wata magana kuma. Gwaggo ce."

Gwaggo sunan da ma'aikata suka laƙaba wa mafi tsufa a cikin jiragen kamfanin. Zunnuraini ne ya ɗauko ta daga ƙasar waje ranar da aka saye ta, yana mataimaki a lokacin. Ita kaɗai ta rage ba a sami mai saye ba, tana ajiye a gefen filin Legas, ciyawa ta fito a gindin tayoyinta.

"An sayar wa masu kwance jirgi su sayar da kayansa," in ji Dorcas. "Ran Laraba mai zuwa za a kai musu ita ƙasar waje. Suna neman kyaftin da shaidarsa ba ta mutu ba, ni kuma na ce musu taka sai ƙarshen watan nan. Sun ce in tambaye ka. Tafiya ɗaya ce, Baba, ba fasinja. Amma sai ka kasance a Legas ran Litinin."

"Daga nan fa?"

"Daga nan a sa ku a jirgin haya ku dawo." Muryarta ta yi ƙasa. "Na tambaya ko akwai wani abu bayan haka. Babu."

Ya ce zai kira ta. Ya tsaya da wayar a hannu yana kallon wata mata da ke jan akuya tana ƙoƙarin wucewa ta gefen shinge. Ya san kujerar hagun Gwaggo kamar yadda ya san shimfiɗarsa: inda fatar ta tsage, yadda hannun mai na inji na biyu ke ɗan cijewa. Sa'a shida ko bakwai a sama, da tsayawa shan mai sau ɗaya. Ya ji yatsunsa suna motsi da kansu.

Ya kira Malam Zubair. Bayan gaisuwa ya ce suna Magama, netwok ya tsayar da su, sannan ya tambaya ko zai yiwu ya fara aikin bayan kwana goma.

"Wallahi Kyaftin da so samu ne," in ji Malam Zubair. "Amma tsuntsun nan kwana goma ya ishe shi ya gama da gonakin da na ɗauki alkawari. Kuma kai ma sai na yi mako guda ina zagayawa da kai kafin in sakar maka jirgi. In ba za ka samu ba ka faɗa mini yau, akwai wani a Damagaram da zan nema. Ba zan ji haushi ba."

"A'a, ina tafe. Tambaya ce kawai."

Ya koma mota. Badamasi ya dube shi sau ɗaya, ya ga fuskarsa, ya miƙa masa ledar gyaɗa bai yi tsiya ba. Zunnuraini ya ba shi labarin a taƙaice.

"To wanne ka fi so?"

"Ka san wanda na fi so."

"Wanne za ka yi?"

Zunnuraini ya ɓare gyaɗa ɗaya, ya riƙe ta bai ci ba. Aikin feshi wata uku ne. Wata uku yana tashi kullum, sa'o'insa na ƙaruwa, lasisinsa na raye, yana fita da safe yana da inda za shi. Ɗayan kuwa yini ɗaya ne, ya dawo gida ya ci gaba da zama a ƙofar gida yana amsa gaisuwa. Ba wani dogon tunani a ciki. Gajiya ce kawai ta sauko masa, irin wadda ba barci take nema ba.

Ya rubuta wa Dorcas saƙo, don bai amince da muryarsa ba. Ya ce ya gode ƙwarai, amma ya riga ya ɗauki wani alkawari. Ta gwada Kyaftin Filemon, shi ma shaidarsa ba ta mutu ba, kuma yana nan Legas. Ya ƙara da cewa ta gaya masa hannun mai na biyu yana cijewa, kada ya tsorata. Ya tura, ya kife wayar.

Ana kiran sallar azahar netwok ya dawo. Suka yi salla a ɗan masallacin bakin hanya, sannan suka bi layi. Jami'in da ke kan tebur, matashi ne mai suna Mujahid a rubuce a ƙirjinsa, ya buɗe fasfon Zunnuraini yana ta juya shafuka cike da hatimai, Jidda, Akara, Dubai, Johannesburg. Ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, matuƙin jirgi ne kai?"

"Eh."

"Ikon Allah. To ya aka yi ka biyo ta mota?"

"Jirgin yana can gaba."

Saurayin ya yi dariya, ya buga hatimi, har ya ɗan miƙe tsaye da zai miƙa masa fasfon. A ɓangaren Nijar jandarma ya duba takardun mota, mutanen duwan, wato kwastan ɗin can, suka leƙa but suka rufe. Suka wuce Ɗan Isa, hanya ta miƙe, gero a dama da hagu ya fi mutum tsawo. A wasu gonakin an ɗaura tsummoki da gwangwanaye a igiya, mata da tsofaffi na tsaye a kan rumfuna suna jijjigawa suna ihu.

Malam Zubair dattijo ne siriri mai furfura, ya girmi Zunnuraini da kusan shekara biyar, shi ma matuƙi ne, duk rayuwarsa a feshi ya yi ta. Ya karɓe su a wata rumfar kwano a gefen filin jirgin Maraɗi, ya duba takardun Zunnuraini a tsaye, ya ce maganar amincewar hukuma shi zai bi. Sannan ya nuna masa jirgin. Fari ne da ratsin rawaya, inji ɗaya a hanci, fentin fukafukan ya ƙoƙe, warin magani na tashi daga jikinsa. Kujera biyu ce, ɗaya a bayan ɗaya.

"Rabonka da irin wannan?"

"Tun ina makaranta. Shekara talatin da wani abu."

"Zai dawo. Hau gaba."

Tashin bai ba shi wuya ba. Da suka bar gari Malam Zubair ya ce ta na'urar kunne, "Sauka." Ya sauka. "Ƙara." Ya ƙara. "Kyaftin, nan ba feshi za ka yi ba, addu'a za ka yi wa gonar. Ƙara sauka." Ya tura hancin ƙasa har ya fara ganin zangarniya ɗaya-ɗaya, har ya ga wani manomi ya dafe hularsa. Duk jikinsa na ce masa ya ja sama. Shekara ashirin da biyu, in ƙasa ta matso haka, muryar wata na'ura ce ke ihu a ɗakin tuƙi, kuma ma'anarta mutuwa. Nan ba mai ihu. Sai Malam Zubair da ke cewa a hankali, "Ga gawo can gabanka. Ka gan shi? Bayansa akwai waya."

Bai ga wayar ba sai da aka faɗa. Wannan ya tsaya masa a rai.

Saukar ce ta ba shi kunya. Ya saba zama a kujerar da ke sama da ƙasa kamar bene, saboda haka ya daidaita jirgin tun da sauran nisa, jirgin ya rataye a iska, sannan ya faɗo. Suka yi tsalle sau uku kafin tayoyin su kama ƙasa. Da ya kashe inji sai ya ji rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya hango Badamasi a bakin rumfa ya juya baya yana kallon wani wuri, wai bai gani ba.

"Duk masu manyan jirage haka suke yi ranar farko," in ji Malam Zubair yana kwance bel. "Wani sau biyar ya yi. Jibi ƙarfe shida na safe. Akwai ɗaki a bayan rumfar nan, da fanka."

Suka koma Jibiya a ranar don ya ɗauko kaya, suka tsallake shingen ana dab da rufewa. Rabi'a ta kawo masa ruwa, ta tsaya.

"Abban Mufida, an dace?"

"An samu. Wata uku. Ki haɗa mini kaya, na gida, waɗanda ba a jin tausayinsu."

"Babba ne jirgin?"

"Bai kai motar Badamasi faɗi ba."

Ta kalle shi. "Akwai haɗari?"

Ya so ya ce babu. Ya ce, "Akwai kaɗan. Zan kula." Ta gyaɗa kai, ta shiga ɗaki, ya ji tana jawo akwati.

Haka ya yi watannin nan. Kwana tara Malam Zubair ya yi a bayansa kafin ya sake shi. Da sassafe su zagaya neman inda tsuntsayen ke kwana, da yamma lis in sun dawo makwanci kamar hayaƙi, ya bi ta kansu ya saki magani. Ya koyi ganin waya ta hanyar neman turakunta. Bayansa ya riƙa ciwo, warin maganin ya ƙi fita daga hancinsa ko a abinci. Dorcas ta aiko masa da saƙo cewa Kyaftin Filemon ya kai Gwaggo lafiya, ya amsa da Alhamdu lillahi. A ƙarshen watan shaidarsa ta 737 ta mutu, bai ma tuna ba sai bayan kwana huɗu. Da jan-baki ya yi sauƙi aka koma feshin fara a arewa, har kaka ta shigo sosai.

Ranar da zai tafi, Malam Zubair ya sa aka ɗora masa buhun gero guda a motar Badamasi, ya ce mutanen wani ƙauye ne suka aiko wa mai jirgi. Ya rako shi har bakin mota, yana ta murza gemu kamar mai son faɗin wani abu.

"Kyaftin, gara ka ji daga bakina. Jiragen nan biyu sun tsufa, ni ma haka. Masu ba mu aikin sun fara maganar waɗannan ƙananan jirage marasa matuƙi, da ake sarrafawa daga ƙasa. Baɗi ban san yadda za ta kasance ba. Wataƙila in riƙe ɗaya. Wataƙila in sayar duka."

Zunnuraini ya dubi jirgin da ke rumfa, ya dubi dattijon. Ya ga shi ma a gajiye yake.

"Allah ya kai mu baɗin, Malam."

"Amin. In na riƙe ɗaya, kai zan fara kira."

"Na gode."

A Magama wani ɗan kwastan ya ɗaga but, ya daki buhun da tafin hannu, ya tambaya na sayarwa ne. Badamasi ya ce kyauta ce aka yi wa Kyaftin, ya fara ba shi labarin tun daga farko, da tsuntsaye da waya da tsalle uku, har mutumin ya gaji ya ɗaga musu hannu. Da suka hau hanyar gari Badamasi ya juya zai tambaye shi ko su tsaya sayen lemo a kasuwa, sai ya ga ya jingina kai da gilas, baki a ɗan buɗe, barci ya kwashe shi. Ya rage muryar rediyo, ya kauce wa ramin da ke gaban gidan mai a hankali.